Ɗan Baya Daga Cikin Shanu

Duk wanda ya san Masta Buraima a Magazin, matattarar makanikai ta Kumasi, ya san abu biyu ne ke sa shi ɗaga murya: sifirin mota da aka ɗaure a karkace, da ɗan baya mai gaggawa a hoki, wasan nan na ƙwallo da sanda. Na farkon sana'arsa ce, don fita ne, wato makanike, shekara goma sha ɗaya yana kwanciya ƙarƙashin manyan motoci a nan unguwar Suame. Na biyun kuwa ciwonsa ne. A soja ya koyi hoki, ya tsare baya shekara bakwai har gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Da ya dawo Zongo, yankin baƙi, sai ya tara samarin unguwannin Asawase da Aboabo ya kafa ƙungiya, aka raɗa mata Taurarin Zongo. Taurari dai a suna, amma a fili sai dai a ce Allah Ya kyauta.

Kada ka ɗauka ba su iya wasa ba ne. 'Yan gaba yana da su har da na kyauta. Kyaftin ɗinsu Dramani, wani gajeren tela mai ƙafa kamar ta zomo, in ya ɗauki ƙwallo a kan sanda sai ka rantse ɗinke ta ya yi a jiki. Bayan ne a buɗe kamar gidan da ba ƙofa. Su ci biyu, a zura musu huɗu. Kuma Buraima ya san wanda ya cire masa ƙofar.

Akwai wani kamfanin katako a gefen gari da ke da ƙungiyar hoki, masu koren riga, kowa na ce musu 'Yan Katako. Mai kula da su wani Ba'asante ne mai sanƙo da fara'a, Owura Adusei. Shi wannan bawan Allah ba ya wahalar neman 'yan wasa. Kujerarsa ta naɗewa yake ɗauka da lema, ya zo ya zauna a bakin fili ranar Asabar yana kallon ƙananan ƙungiyoyi. Duk ɗan bayan da ya haska, ranar Litinin sai ka ji an ba shi aikin sito ko na gadi a kamfani, Asabar ta gaba kuwa ka gan shi cikin koriyar riga. Uku ya ɗauke wa Buraima a shekara huɗu, ukun nan kuma da hannunsa ya rene su. Ranar da na ukun ya tafi, Buraima ya jefar da sifana a tsakar shago ya ce in Adusei ya sake karɓar mutum daga hannunsa, to a canza masa suna.

Yakan ce wa yaransa, "Ɗan gaba, ko a bakin famfo ka tsaya za ka tsinci biyar. Ɗan baya sai an tona." In saurayi ya zo yana son shiga ƙungiya, ba ya cewa ya yi gudu ya gani. Cewa yake ya ja da baya daga wannan raga zuwa waccan ba tare da ya waiwaya ba. Mutane na dariya suna cewa Masta ya fara taɓuwa, shi kuwa ko a jikinsa. A ganinsa kowane wawa ya iya rugawa gaba. Wanda ya iya komawa baya idonsa na kan abin da ke taho masa, zuciyarsa ba ta tashi ba, shi ne mutum.

Wata Talata cikin watan Agusta na 1969, da hantsi, ya biya ta bakin kasuwar Asawase inda matarsa Hajaratu ke sayar da wake da shinkafa, don ya karɓi makullin shago da ya manta a jakarta. Yana tsaye tana masa tsiyar mantuwa, sai ihu ya tashi daga saman layi. Wani jan bijimi ne mai tozo kamar tulu ya tsinke daga garken da ake korawa Mayanka, ya faɗo layin masu tumatir a guje. Faranti ya tashi sama, mata suka watse suna salati, makiyaya uku na biye da shi suna kururuwa, abin da ba ya ƙara wa sa komai sai hauka.

Sai ga wani dogon saurayi siriri ya ɓullo daga gefe. Bai bi bayan san ba, gabansa ya shiga. Ya tsaya a tsakiyar layi da 'yar sandarsa, ya ranƙwafa, ya kwantar da ita ƙasa-ƙasa ta hannun dama, ya fara ja da baya. Sa na tahowa yana ja, taki ɗaya bayan ɗaya, bai waiwaya ko sau guda ba. San ya kaɗa ƙaho hagu, saurayin bai bi ba. Ya kaɗa dama, bai bi ba. Sai da dabbar ta sauke kafaɗa za ta kutsa lungun masu koko, inda tsofaffi ke zaune da tukwane a kan wuta, sannan ya yi taki biyu a gicciye, ya riga ta isa bakin lungun, ya taɓa mata hanci da kan sanda yana ƙyasta harshe. Wallahi bijimin nan ya tsaya cik. Ya yi huci, ya juya, ya bi hanyar da aka bar masa a buɗe, ita kuwa ta kai shi hannun masu igiya.

"Masta, rufe bakin mana, akwai ƙuda," in ji Hajaratu.

Bai ma ji ta ba. Tsigar jikinsa ce ta tashi tun daga wuya har ƙafa. Ya manta da makulli, ya manta da gwiwa, ya ɗingisa ya cim ma saurayin yana ɗaure bakin wandonsa.

"Kai ɗan samari, tsaya. Da ya kaɗa maka ƙaho, me ya hana ka kaucewa?"

Saurayin ya dube shi kamar wanda aka tambaya me ya sa ruwa ke jiƙa mutum. Ya ce, "Ai ƙaho ƙarya yake yi, Baba. Kafaɗa ce ba ta ƙarya. Inda ta sauka, nan ƙafa za ta bi."

Subhanallahi! Wannan magana ita ce wani saje ya yi shekara uku yana ɗura wa Buraima a bariki da zagi da gwale-gwale kafin ta shiga kansa: kada ka kalli sandar ɗan gaba, kalli jikinsa. Ga shi yau mai korar shanu ya faɗe ta a tsaye, kyauta, da kashin saniya a ƙafarsa.

Sunansa Sumana, Bazabarme ne, shekararsa ashirin da uku. A goye aka zo da shi Kumasi daga wajen Dosso, uwa da uba duk suna kwance a maƙabartar Tafo, shi kuma tun yana ɗan shekara tara yake tare shanu tsakanin kara da Mayanka.

"Ka taɓa buga hoki?"

"Mene ne hoki, Baba?"

"Alhamdu lillahi," in ji Buraima, har da ɗaga hannu sama. "Ba wanda ya riga ni ɓata ka."

To fa, samun ƙarfe daban, ƙera shi daban. Buraima ya ɓoye shi kamar yadda ake ɓoye ƙwai daga muzuru. Bai kai shi filin Asabar ba, don kada mai kujera da lema ya ƙyalla ido. Bayan sallar asuba yake jan sa wani fegi a bayan Magazin, tsakanin gawawwakin motoci, ya koya masa abubuwan da hoki ba ya yafewa: gefen sanda mai faɗi kaɗai ke taɓa ƙwallo, ƙafa ba ta taɓa ta, kuma sanda ba ta wuce kafaɗa in za ka buga. Biyun farko Sumana ya haɗiye su cikin mako guda. Na ukun ne ya zama jidali. Mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu yana ɗaga sanda sama don garke ya gani daga nesa, yau ka ce masa kada ta wuce kafaɗa? Da ƙwallo ta taho da ƙarfi sai hannun ya tashi da kansa, Buraima ya busa usur har ƙirjinsa ya yi ciwo.

"Sumana! Sandar nan tuta ce? Wa kake kira da ita?"

"Yi haƙuri, Masta. Hannun ne."

"To zan yi maganin hannun."

Washegari ya zo da tsohon bel ɗin fanka na wata motar Bedford, ya ɗaura gefe ɗaya a wuyan hannun Sumana na dama, ɗaya gefen a ɗamararsa, ya auna tsawon daidai kafaɗa. Mako biyar yaron nan ya yi yana wasa a ɗaure kamar akuya, bel na fizge shi duk sanda ya manta, har wurin ya yi kanta. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Ranar da aka kwance shi, hannun ya riga ya san iyakarsa.

Sai aka fara kawo masa 'yan gaban ƙungiya su gwada shi. Nan abin dariya ya fito, don Sumana bai daina ƙyasta harshe ba. Ɗan gaba na tahowa da ƙwallo, shi yana ja da baya yana masa irin sautin da ake yi wa maraƙi, yana buɗe masa gefe ɗaya kamar ya ce bismilla. Mutum ya bi gefen da murna, sai ya tsinci kansa a bakin layi, fili ya ƙare, ƙwallo kuma ta koma kan sandar Sumana ba tare da an ji ƙarar katako ba. Dramani ya sha wannan sau shida a safiya ɗaya, ya jefar da sanda.

"Masta, ka gaya wa mutumin nan ni ba saniya ba ne!"

"To ka daina bin inda ya kora ka mana," in ji Buraima, yana dariya har da riƙe ciki.

A ransa kuwa ba dariya yake ba, tsoro ne ke kama shi, irin tsoron da ke kama mutum in ya ga baiwar da ta fi ƙarfin hannunsa. Shi ya yi wasan nan, ya ga 'yan bayan soja da na 'yan sanda, ya ga Indiyawan kantuna da suka zo da hoki a jininsu. Bai taɓa ganin wanda ke karɓe ƙwallo ba tare da ya yi faɗa da mai ita ba. Sauran 'yan baya tarewa suke yi. Sumana tun daga tsakiyar fili yake zaɓa wa mutum inda zai je ya rasa ƙwallonsa.

Asabar ta tsakiyar Nuwamba aka haɗa Taurarin Zongo da 'Yan Katako, ranar kuma Buraima ya fito da abin da ya ɓoye. Ba sai na cika ku da labari ba. Minti saba'in masu koren riga suna zuwa kamar ruwan kwata, suna komawa hannu wofi. Ɗan gabansu na tsakiya, wanda ake ji da shi a duk ƙasar Asante, ya gwada dama, ya gwada hagu, ya gwada wuce shi da gudu, ƙarshe ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon dogon yaron nan da ke masa tsaki kamar ɗan maraƙi. 'Yan kallo da suka zo da surutu suka yi tsit, sai in Sumana ya zare ƙwallo ka ji fili gaba ɗaya ya ce "Kai!" a tare. Dramani ya zura ɗaya kafin hutu, ita ce kuma ta tsaya har aka tashi. Tunda aka kafa ƙungiyar ba su taɓa cin Katako ba sai ran nan.

Owura Adusei kuwa, mutumin da ba a taɓa ganin ya bar kujerarsa ba, tun minti na goma yake tsaye, lemar na yashe a ƙasa. Da aka tashi ya nufo su yana murmushi, ya yi wa Buraima barka da Hausarsa ta kasuwa, sannan ya juya ga Sumana ya ce akwai aiki a kamfani in yana so.

Buraima ya buɗe baki zai yi aman wuta, Sumana ya riga shi. Ya ce, "Na gode, Baba. Amma Masta ne ya ba ni sanda."

Ranar nan Buraima bai taka ƙasa ba har ya isa gida. Ya ci tuwo kwano biyu, ya ba Hajaratu labarin wasan sau uku, har ta ce in ya sake farawa za ta koma gidan ubanta.

Kwana uku tsakani, ranar Talata, rediyo ya yi magana. Gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Da farko mutanen Zongo suka ɗauka zance ne irin na rediyo. Kafin Juma'a aka ga ba wasa ba ne. Mutanen da aka haifa a Aboabo, waɗanda ba su san hanyar Yamai ko Sakkwato ba sai a bakin kakanni, suka shiga ɗaure kaya. Manyan motoci suka yi layi, ana loda tabarmi da tukwane da tsofaffi. Masallacin da ke cika har waje ya koma sahu uku. Buraima, da yake shi ɗan ƙasa ne, mutumin garin Wa a arewa, ba abin da ya taɓa shi, sai dai kullum da safe yana gyara sifirin motocin da za su kwashe maƙwabtansa.

Ran Lahadi da la'asar Sumana ya yi sallama a ƙofar gida, riƙe da sandar hoki ya goge ta da mai tana ƙyalli. Ya durƙusa ya ajiye ta gaban Buraima.

"Masta, ga amanarka. Sarkin Zabarmawa ya sa sunana a motar ranar Alhamis."

"Wa ka sani a can?"

"Ba kowa. An ce akwai wani ƙanen babana, in yana da rai."

"Ɗauki sandarka. Ba inda za ka."

Da yaron ya tafi, Buraima ya shiga zagaye tsakar gida yana tsara dabara da ƙarfi. Akwai wata tsohuwar motar katako a bayan shagonsa, za a gyara bodin a sa katifa, Sumana ya zauna ciki wata biyu ko uku har ƙura ta lafa. Abinci Hajaratu za ta riƙa aikawa. Ranar wasa a fito da shi da wani suna, a ce ɗan ƙasa ne daga garin Tamale.

Hajaratu tana tsince wake a faranti, ba ta ɗago ba. Ta ce, "A ɓoye shi ranar Litinin, a fito da shi ranar Asabar gaban mutum dubu. Dogon da duk Kumasi ta gama ganinsa. Masta, kai ma ka san wannan ba dabara ba ce."

"To me kike so in yi? In zuba ido a loda shi kamar buhun gawayi?"

"An ce kamfanoni na nema wa ma'aikatansu takarda. Mijin maƙwabciyarmu Zuleha da ke aiki a gidan katako an karɓi hotonsa tun jiya."

Buraima ya tsaya cak. Ya gane inda ta dosa, ransa kuwa ya ɓaci. "Ni? In ɗauki yaron nan da hannuna in kai wa Adusei? Bayan rantsuwar da na yi gaban mutane?"

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi. "So kake ya zauna, ko so kake ya zama naka? Zaɓi ɗaya, don biyun ba za su samu ba."

Ya shiga ɗaki ya bar tuwonsa a rufe. Amma da gari ya waye ya sa rigarsa ta Juma'a, ya hau mota zuwa kamfanin katako, yana tafe yana gaya wa kansa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, zuciyarsa kuma tana ce masa ƙarya yake, wannan gajiyawa ce tsagwaronta.

Ya tarar da Adusei a wani ɗan ofis mai ƙamshin garin katako, injin zarto na kuka a waje. Buraima bai zauna ba, bai kuma yi kwana-kwana ba. Ya ce yaron ba shi da takarda, ranar Alhamis za a tafi da shi, in kamfani zai ɗauke shi aiki ya nema masa izini, to ga shi.

Ya jira dariya, amma Adusei bai yi ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce zai kai maganar gaban manaja yau ɗin nan, kuma yana ganin za ta yiwu. Sai dai kada su yaudari juna: manaja ba zai sa hannu don a samu mai share sito ba, don koriyar riga zai sa.

"Na sani," in ji Buraima. Ya juya zai fita, sai ya dawo. "Hagu za ku sa shi, kada ku sa shi dama. Kada kowa ya yi masa ihu daga waje, ba ya jin ihu, raina mai yinsa yake. In ya ja da baya kada golanku ya ruɗe ya fito, ya san abin da yake yi. Kuma ranar Juma'a ku sake shi da wuri."

Adusei ya ɗauki biro ya rubuta duka, kamar ɗan makaranta. Sannan ya ce, "Masta Buraima, gaya mini gaskiya. Ina kake samo su?"

"Inda ba a zuwa da kujera," in ji Buraima, ya fita.

Shawo kan Sumana ya fi zuwa wurin Adusei wuya. Yaron ya ce shi gara ya hau mota da a ce ya ci amanar Masta. Sai da Buraima ya daka masa tsawa irin ta bariki, ya ce shi ne ya ba shi sanda, shi ne kuma yake ce masa ya je, sannan ya sunkuyar da kai hawaye na ɗiga a kan gwiwarsa. Motar Alhamis ta tashi ba shi. A Magazin kuwa aka samu abin yi. Buraima na wucewa sai ka ji wani daga ƙarƙashin mota ya ce, "Masta, wane suna za mu riƙa kiranka da shi yanzu?" Sai ya haɗiye, ya wuce abinsa.

Cikin Fabrairun 1970 zagaye na biyu ya zo, Taurarin Zongo da 'Yan Katako. Motoci sun tafi wa Buraima da 'yan wasa huɗu, ya cike gurbinsu da waɗanda ko riƙon sanda ba su gama iyawa ba. In suka sha kashi ranar, sun fita daga gasar shekarar. Ana shirin farawa sai ga Sumana ya tsallako fili cikin koriyar riga, hannayenta sun yi masa gajarta. Ya durƙusa gaban Buraima ya gaishe shi, sannan ya rage murya.

"Masta, in Dramani ya taho... ko sau ɗaya ne, ba wanda zai gane."

Buraima ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya kama kafaɗar yaron ya matse. "Ni zan gane. In ka bar masa ƙwallo ɗaya, ɗaya tak, kada ka sake gaishe ni har abada. Tashi ka tafi wurinka."

Katako suka zura ɗaya a farkon wasa. Daga nan Zongo suka dage, wallahi suka yi wasan da ya fi ƙarfinsu, sababbin nan suna zubewa suna tashi, gwiwoyi duk jini. Saura minti biyu a tashi, ƙwallo ta kuɓuce wa 'yan tsakiyar Katako, ta faɗo kan sandar Dramani. Ya wuce ɗaya, ya wuce na biyu, fili ya buɗe masa. Mutanen Zongo da suka rage a gari, 'yan kaɗan ɗin nan da suka taru a gefe ɗaya, suka miƙe suna kiran sunansa. Tsakaninsa da gola ba kowa sai Sumana.

Dramani ya san shi ciki da waje, ya sha alwashin yau ba zai bi inda aka kora shi ba. Da Sumana ya buɗe masa gefen layi sai ya ƙi, ya yi kamar zai bi, ya yanko ciki da irin saurin da ya sa ake tsoronsa. Abin da bai sani ba, wannan karon buɗewar ce ƙaryar. Sumana ya riga ya karanta ƙin da zai yi tun kafin ya yi shi. Dogon nan ya ninke har gwiwarsa na shafar ƙasa, ya shimfiɗa sanda da hannu ɗaya a daidai inda ƙwallon za ta bi, ita kuwa ta zo ta kwanta a jikinta kamar an aiko ta. Dramani ya wuce da gudunsa shi kaɗai, ya yi taki huɗu kafin ya gane ba komai a kan sandarsa.

Gefen Zongo ya mutu murus. A cikin shirun nan aka ji murya ɗaya ta tashi, ta wani mutum da ya yi tsalle a kan gurguwar gwiwa, hannuwansa biyu a sama.

"Allahu Akbar! Kun gani? Kun ga abin da ya yi? Haka ake yi! Haka ake tsare baya!"

Buraima ne. Yaransa da ke zaune a benci suka juyo suna kallonsa, mutanen unguwa suka juyo, Dramani ma daga tsakiyar fili ya juyo, haki na cin sa. Alƙali ya busa tashi, an fitar da Taurarin Zongo daga gasa. Buraima ya sani sarai, ya ga idanun da ke kansa, ya so ya sauke hannun ya yi shiru irin na wanda aka ci. Ya kasa. Yana tsaye hawaye na bin gemunsa, yana nuna yaron da ke cikin rigar abokan gaba, yana ta faɗa wa mutanen da ba su tambaye shi ba, "Yana nan. Ku dube shi da kyau, yana nan, bai tafi ba."